Yadda Na Ƙera Kofin 'Yan Alkafura

Tun da kuka zo koyon aiki a shagon nan nake jin kuna cewa sana'ar kofi ba wata sana'a ba ce: a sayo kofi daga Legas, a buga suna a kwamfuta, a manna, a miƙa wa mai shi. Na ji, ban kuma yi muku musu ba. Amma tunda an ɗauke wuta, injinku ya yi shiru, ku jawo benci ku zauna.

Sunana Ishaya, sai dai a Kafanchan in ba ka ce Baba Kofi ba, ba mai nuna maka ƙofar nan. Na koyi aiki a hannun Malam Sule mai zane, wanda shagonsa ke kusa da tashar jirgin ƙasa, lokacin da jirgi yake zuwa. A zamaninsa babu sitika. Akwai 'yan ƙarafa masu harufa a baki, kowane harafi da nasa, sai ƙaramar guduma, da magagari na goge ƙarfe, da awartaki, da dalma ta liƙi, da tsumma mai yawa. Ka ɗora harafi a kan farantin tagulla, ka buga sau ɗaya. In ka yi sanyin hannu harafin ba zai fito ba. In ka ƙara bugu ya fito biyu, kamar mai sunan ya kwana a gidan burkutu. In ka cika ƙarfi farantin ya lotsa. Malam Sule bai bar ni na taɓa tagulla ba sai da na cika buhu da murafun gwangwanin madara, kowanne ɗauke da sunana. Har yau ina jin ba wanda aka rubuta sunansa a garin nan kamar ni, kuma duk a bola suka ƙare.

Aikin farko da ya sakar mini shi ne kofin gasar waƙa ta zumuntar mata. Shugabarsu ta zo da kanta, ta ce tana son kofin da za a hango daga bencin ƙarshe na majami'a, amma wanda tsohuwa za ta iya ɗorawa a ka ta yi rawa da shi. A nan na fara gane masu sayen kaya. Ba mai tambayar irin ƙarfen, tsayi ake tambaya. Na yi wa wani hedimasta aiki da ya ce a buga sunansa da manyan harufa a sama, sunan yaron da ya ci kuma a matsa shi ƙasa in wuri ya rage. Na yi wa malaman Islamiyya allunan yabo na saukar karatu, su ne kaɗai ke tsayawa a kanka suna duba harafi ɗaya-ɗaya. Akwai kuma masu kawo sunan ƙungiyar da ta ci wasa tun ba a buga wasan ba. Malam Sule ba ya tambayarsu komai. Abin da yake ce mini kawai shi ne kar in ɗaure notin farantin da ƙarfi.

Aikin da ya fi koya mini sana'ar nan kuwa, bayan Malam Sule ya rasu na buɗe nawa shagon, a cikin bokiti ya zo. Wata malamar wasanni ta makarantar firamare, Malama Rahila, gajeruwa mai saurin tafiya da usur a wuya, ta shigo ta dire bokitin roba shuɗi a kan teburina.

"Baba, ka iya rubuta suna a jikin wannan?"

Na ce, "Malama, bokiti ai da fenti ake rubuta masa. Na wane ne?"

"Na wanda zai zo na ɗaya a alkafura. Na ce ko a sa suna, don a bambanta shi da na wanka."

Na rubuta mata. Da za ta tafi ta ce in zo fili ranar gasa, in tsaya in gani da idona. Gasar ta makarantun firamare ce da ake yi duk shekara a nan Kafanchan, yara na zuwa daga Kachia da Kagoro da Godogodo. Na daɗe ina kai musu kofuna, amma da na sauke kaya sai in juyo. Ran nan na tsaya.

Ashe alkafura ana yin ta ne daidai lokacin da ake raba wa manyan baƙi shinkafa. Duk rumfa kai na cikin faranti. A can gefen fili yara suka shimfiɗa tsofaffin katifu da buhunan da aka cusa wa dusar katako aka ɗinke. Suka dinga zuwa a guje suna dafa ƙasa suna juyawa, gaba da baya, wasu su haɗu su hau kafaɗun juna har sama. Daga nan aka kira wata siririyar yarinya cikin dogon wando, Adama, 'yar Fulani daga wata ruga kusa da Godogodo. Ta taho a guje, ta wuntsila da baya, kafin in gama ganin na farko ta yi na gaba, ta dire ƙafa a haɗe. Sannan ta kifa kai ta tsaya a kan hannuwanta, miƙe sak kamar an kafa turke, ta yi tafiya a haka har ƙarshen katifa. Ni da in na sunkuya ɗaure takalmi sai na dafa bango kafin in miƙe, na san abin da na gani ba wasa ba ne.

Da aka zo rabon kyauta, 'yan ƙwallo suka karɓi kofin da na haɗa, wanda sai yara biyu sun kama, aka yi ta hoto. Masu gudu aka rataya musu lambobi a wuya. Sai mai sanarwa ya ce masu tsalle-tsalle su zagaya bayan rumfa su karɓi nasu. Na ɗaya bokiti, na biyu roba, na uku sabulu.

A bayan rumfar na ga mahaifin Adama, Malam Buba, dogon mutum da sanda a kafaɗa. Ya karɓi bokitin ya jujjuya, ya dubi Malama Rahila.

"Malama, mun gode. Amma gidana ya cika da bokiti, shanuna ba su da nonon da zai cika su. Yaro ya shuri ƙwallo da ƙafa, a ba shi kofi a ɗauki hotonsa. Tawa ta kifa kanta ƙasa, in ta faɗi wuya ne, a ba ta abin da nake saya a kasuwar Godogodo. Baɗi ta zauna ta yi kallo kamar kowa."

Malama ta gaya mini a hanya cewa mazan da take koya wa sun fara zamewa zuwa ƙwallo, ƙananan matan kuwa Adama suke bi. In ta daina, sai dai a naɗe katifu a mayar wa masu su.

Malama Rahila ba ta zauna ba. Ta yi ta sintiri wurin kwamitin gasa har shugabansu, Mista Bulus, tsohon hedimasta da ke zaune a Kachia, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya yarda a yi wa 'yan alkafura kofi irin na ƙwallo, wanda ya ci ya riƙe shekara ya dawo da shi. Aka ba ni aikin.

Kofin kansa ba matsala. Matsalar ɗan mutumin da ake kafawa a kan murfi ce. Dillalan da nake saya a wurinsu suna da ɗan ƙwallo, da mai gudu, da ɗan dambe, har da mai riƙe da makirfo. Na kira ɗaya a waya na ce ina neman mutumin da ya tsaya a kan hannunsa, ƙafa a sama. Ya ce in sake kira in na samu sauƙi.

Ina haɗa wani kofin ƙwallo sai idona ya faɗa kan gola, ya miƙa hannu biyu sama zai cafe ƙwallo. Na sa zarto na yanke ƙwallon, na kifa golan, na liƙe tafukansa a kan murfi da dalma, na goge. Na ja da baya na duba, na ga mutum a tsaye a kan hannu. Malama Rahila ta zo ta daɗe tana kallonsa, ta ɗauki hoto a waya, ta ce, "Ya fi bokiti."

Ana saura 'yan kwanaki Ciyaman ya zo ya kwashi kofunan a kwali ya tafi da su gida. Ranar gasa na sa babbar rigata na zauna kusa da rumfa. Adama ta sake zuwa na ɗaya. Aka yaye ƙyallen da ya rufe kofin, sai ga golana a tsaye a kan ƙafafunsa, hannu biyu a sama, idon sawunsa baƙi ƙirin da ƙunar walda. Ciyaman ya matso kusa da kunnena.

"Baba Kofi, kar ka damu. Na ga kuskuren tun a gida, na kai wa mai walda ya miƙar da shi. Ba wanda ya sani. Tsufa ne, ni ma idona yana yi mini haka."

Da zuciya ɗaya ya yi, don ya rufa mini asiri. Na ce na gode.

Malam Buba ya karɓi kofin daga hannun 'yarsa, ya ƙura wa mutumin ido.

"Wannan bawan Allah me ya yi? Sojoji ne suka tare shi?"

Na fara yi wa Malama ƙorafi cewa da an bar shi yadda na yi, da kowa ya gane. Adama, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ce a hankali, "Baba, na ga hoton. Ko a kife gola ne. Da safar hannu, da takalmin ƙwallo, ƙafafunsa kuma a wage. In na tsaya haka Malama sakewa take sa ni."

Na sake duban golan, na ga gaskiyarta. Malam Buba dai ya ce tunda an fara kawo mutum, ko da ba a san laifinsa ba, zai ƙara shekara guda ya gani.

Shekarar da ta biyo baya ita ce shekarar da annoba ta sa aka rufe makarantu. Ni kuwa na riga na yi wayo, na sayo lambobin wuya da yawa tun da wuri, na buga shekara a bayan kowace. Ba a yi gasa ba, ba a yi taron zumunta ba, ko saukar karatu sai a cikin gida. Wanda ke sayar da abinci ya ci gaba da sayarwa, mai magani ma haka. Mai kofi ba wanda ya tuna da shi, don ba wanda ya ci komai. Na koma rubuta lambar gida, da yanka makulli, da buga suna a jikin kujerun haya. In ba aiki in zauna da magagari ina kankare shekarar da ba a yi ba daga bayan lambobi.

Zaman banzan nan ne ya kai ni bayan kasuwa wurin Malam Tanko mai zubin tukwane. Ku da kuke ganin tukunya a kasuwa ba ku san yadda ake yi ba. Yakan narka tsofaffin gwangwanaye da fasassun tukwane, ya danna samfur a cikin akwatin yashi mai ɗan danshi, ya zare, ya zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Na ce ya koya mini, ina son in zuba mutum. Na girme shi nesa ba kusa ba, yana ce mini Baba, amma hakan bai hana shi sa ni tankaɗen yashi da hura wuta ba. Da furfurata na koma ɗan koyo.

Na sassaƙa samfurin farko da katako, daga abin da na tuna. Da muka fasa yashi, abin da ya fito kwaɗo ne, ba wanda ya yi gardama. Na gaba ya fito da jiki mai kyau, sai dai ƙafafun sun tsaya a gwiwa, don ƙarfen ya huce kafin ya kai ƙarshe. Malam Tanko ya nuna mini yadda ake huda yashi da wayar keke don iska ta fita, ya ce, "Iyakar sanina ke nan, Baba. Ni tukunya nake yi, tukunya ba ta da idon sawu." Ya kuma ba ni shawara in bar fuskar a shafe, ba ido ba hanci, in huta da surutu shi ma ya huta. Na bi shawararsa.

Da na nuna wa Malama Rahila na ukun, ta ce wannan mutum ne da aka rataye ta ƙafa. Ta ce ba yadda za a yi in sassaƙa abin da ban tsaya na kalla da kyau ba. Muka hau mashin muka nufi rugar su Adama.

Malam Buba ya shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro, aka kawo kindirmo, aka kawo ruwan wanke hannu a bokitin da na rubuta wa suna. Adama ta kifa ta tsaya a kan hannu, ni kuma na kama katako da wuƙa. In ta gaji ta sauko ta huta, ta leƙa aikina, ta koma. Shanu suka zagaye mu suna kallo. A nan na koyi abin da yaran nan suke sha. Gwiwa a haɗe, ba lanƙwasa. Ciki a shanye. Kai tsakanin hannuwa, ba a leƙe ba. Yatsun hannu a baje suna riƙe ƙasa. Kowane ɗaya na kuskure sai ta nuna, cikin ladabi, amma ba ta bari.

Wanda ya fi ta tsanani shi ne uban. Mutumin da ya ce 'yarsa ta daina wasan, ashe duk ƙa'idar tana kansa. Ya miƙo bakin sandarsa ya taɓa ƙafar katakon.

"Baba, babban yatsan nan naka Jos yake kallo. Nata sama yake kallo."

Na gyara. Ya ce ɗaya ƙafar ta fi ɗaya kauri. Na rage. Sai da rana ta yi sanyi ya karɓa ya ɗaga kusa da 'yarsa tana kife, ya duba nan ya duba can, ya miƙo mini. Malama ta ce in tashi mu tafi kafin ya sake dubawa.

Zubin ya fito. Sauran aikin na hannu ne, wanda injinku ba ya yi: magagari mai kaushi, mai laushi, samfefa, sannan tsumma, har ƙarfen tukunya ya koma yana ɗaukar ido. Malam Buba ya aiko da kofin, na cire gola daga murfi na kafa siffar Adama, na yi gindi da katakon maɗaci. Lambobin da na kankare kuwa, Malama ta ce a rataya wa duk yaron da ya hau katifa ya gama, ko bai ci ba. Ta kuma samu kwamiti suka matso da alkafura tsakiyar fili, kafin a buɗe kular shinkafa.

Da aka buɗe makarantu aka sa ranar gasa, Ciyaman ya aiko a ba shi kofuna. Na aika da duka ban da ɗaya. Wannan a cinyata na kai shi fili, na kuma buga rubutu a ƙarƙashin gindinsa: NAN NE ƘASA. Ciyaman ya ɗaga ya karanta, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce Malama ta riga ta ba shi labari, kuma mai waldan Kachia yana gaishe ni.

Ranar mutane sun kalli alkafura, don babu faranti a hannun kowa. Na ga wani babban baƙo ya miƙe tsaye bai sani ba. Adama ta yi duk abin da ta saba, sai dai a shekarar zaman gida ta ƙara tsawo, jikin da ta sani ya canza mata. A juyin ƙarshe ta dire, ƙafa ɗaya ta ja baya taku guda. Bayanta aka kira wata 'yar mitsitsiya daga Kachia, Alheri, wadda aka ce a kan buhunan citta ta yi ta gwaji duk tsawon hutun. Ta juya, ta dire, ta tsaya cak kamar an dasa ta. Alƙalai suka ba Alheri na ɗaya, Adama ta biyu, kuma gaskiya suka yi.

Aka kira su a lasifika, kowa da sunansa, a gaban rumfa. Ƙananan suka yi ta cizon lambobinsu don su ji ko ƙarfe ne. Ciyaman ya miƙa wa Alheri kofin yana cewa yarinya ya yi ƙoƙari, yarinya ya fitar da Kachia kunya. Uwarta, mai sayar da citta, ta shigo fili da guɗa ta ɗora shi a ka.

Ni da Malama muka tsaya muna kallon Malam Buba. Shekarar da ya ƙara ta cika, kofin kuma ga shi zai hau mota. Ya rataya sanda ya nufi uwar Alheri, muka bi shi a baya. Ya gaishe ta, ya yi mata barka, ya roƙa ta ba shi ya riƙe. Ya shafa ƙafafun da babban yatsansa.

"Mama, wannan da ke kan murfin 'yata ce. Ba fuska, amma ƙafar tata ce, a gabana aka sassaƙa. Don Allah kar a ajiye ta kusa da murhu. In za a goge, da tsumma mai laushi, ban da toka."

Matar ta karɓa da hannu biyu. "Baba, kar ka ji komai. Za mu riƙe shi kamar namu. A falo zai zauna."

Ya juyo wurin Malama Rahila. Ta gyara tsayuwa, ta riƙe usur ɗinta.

"Malama, yaushe ake komawa gwaji?"

"Litinin, Malam."

"A fara Asabar," in ji shi. "Ba zan bar ta ta wuce shekara ɗaya a gidan mutane ba."